Matar da ta kai wa Baniyan itace

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, wata rana da hantsi ɗana Alhaji Sule ya shigo ɗakina, ya durƙusa ya gaishe ni, gaisuwar da ta fi ta kullum tsawo. Na san akwai magana. Maganar kuwa ita ce in tashi Emeka daga shagon da ke jikin zaurenmu. Emeka mutumin kudu ne, Kirista, mai sayar da kayan gyaran injin niƙa. Ya daɗe a shagon nan, har 'ya'yansa sun fi shi jin Hausa.

"Inna, mutane suna magana," in ji Sule. "Ana cewa gidan malamai ne wannan, bai dace ba."

Na ce, "Giya yake sayarwa?"

"A'a."

"Ya zagi wani?"

"Bai zagi kowa ba, Inna. Amma zamani ya canza. Ni nake shiga masallaci, ni ake kallo."

Gidan nawa ne, gadon ubana ne, saboda haka dole sai da bakina. Na ce ya je, zan yi tunani. Da ya fita ban yi tunanin Emeka ba, ban yi tunanin Sule ba. Kakata na tuna, Iya Hajjo, uwar ubana, wadda ta yi shekaru a kabari har an manta inda aka sa ta.

Iya Hajjo da ƙafarta ta je Makka. Ta bar Daura da ƙuruciyarta tare da kakanmu, suka bar 'ya'yansu ƙanana a hannun dangi, ta dawo da furfura, ita kaɗai. Sun yi noma a hanya, sun yi ƙodago, sun zauna a Sawakin da ke bakin Bahar Maliya, suka haye ruwa. Kakanmu ya rasu a can. Ita kuma ta zauna a Jidda tana yi wa wani tsohon ɗan kasuwa mutumin Hindu dakan kayan ƙamshi, har Allah ya haɗa ta da ayarin dawowa. Tsohon Musulmi ne, amma kakanninsa na can baya ba Musulmi ba ne, kuma ba ya ɓoye haka. Daga bakinsa ta kwaso labaran da babu wata tsohuwa a unguwarmu da ke da irinsu.

Lokacin kaka muka fi samunta. Da an idar da sallar magariba an ci tuwo, sai a tara mu a tsakar gida, a zube mana gyaɗa mu yi ta ɓara. Ita kuma ta zauna kusa da murhu, wutar da aka sauke tuwo ba ta gama mutuwa ba, ta miƙe ƙafafunta masu faso, ta ɗauko mazari. Ba ta iya ba da labari hannunta a sake. Sai ta dangwali alli, ta murza mazarin, ya tafi yana kuka, sa'an nan ta ce, "Ku matso. Ga wata ta taso daga bakin teku, ƙafarta duk gishiri." Mu kuma mu ce, "Ta shigo, Iya, akwai tabarma."

A ranar da nake faɗa muku, ta ce wannan babu kura babu zomo a cikinta. Abin da ya faru ne, tun kafin jihadi, tun kafin a ji sunan Bature a ƙasar nan.

Ta ce a can gabas, bayan Makka, bayan teku, akwai ƙasar Hindu, kuma a cikinta akwai wasu fatake da Larabawa ke kira Baniyan. Fataucinsu ba da jaki ba ne, ba da raƙumi ba. Jiragen katako gare su, an ɗaura musu manyan zannuwa, iska ke tura su. Iskar kuwa Allah ya yi mata ƙa'ida: rabin shekara tana busowa daga ƙasarsu zuwa ƙasar Larabawa, rabin shekara ta juya. Wanda ya zo da ita dole ya jira ta ta mayar da shi. In ta juya ba ka shirya ba, to ka kwance kayanka, sai baɗi. Suna kawo alawayyo da atamfa irin tasu, da masoro da kanumfari da shinkafa, su koma da gahawa da hauren giwa da zinariya. Ta ɗaga zaren da take kaɗawa ta ce, "Kun ga wannan da nake fariya da shi? A wurinsu igiyar ɗaure akuya ce. Suna saƙa rawanin da za ka zare shi ta cikin zobe."

Ta ce ba sa zuwa da matansu. Uba zai zauna a gida, ya ajiye wa a wannan gari, ƙane a wancan, ɗan ƙane a na gaba, kowa da shagonsa, duk tukunya ɗaya. Kuma ba sa cin abincin kowa sai wanda suka dafa da hannunsu. Ba sa yanka, ba sa cin nama, ko tururuwa suka gani sai su tsallake ta.

Audu, ɗan baffana, wanda ba ya iya riƙe bakinsa, ya ce, "Iya, ko kilishi?"

"Ko kilishi."

"Ranar sallar layya fa?"

"Kai, tafi can, mai ciki kamar rijiya. Su wa suka ce maka suna layya?"

Muka yi ta dariya. Ita ba ta yi ba. Ta jira muka gama.

Ta ce a wani gari na bakin Bahar Maliya, wajen Yaman, Baniyan sun yi unguwa guda, kamar yadda namu suke yin zango a Gwanja. Garin na Musulmi ne. Tun zuwansu na farko aka ba su amana: su yi kasuwancinsu, su biya abin da aka yanka musu, a bar su da addininsu. A cikin amanar har da wani fili can bayan gari, inda ruwa ke taɓa yashi. Domin su ba sa binne gawa. Ƙonawa suke yi, su zuba tokar a ruwa. A ganinsu wanda ba a ƙona ba bai tafi ba, yana nan yana gararamba tsakanin nan da can.

Mun tsorata. Ni na ja zanena na rufe kunne ɗaya, na bar ɗaya.

Babbansu a garin, Iya ta ce sunansa ya fi ƙarfin harshenta, ita Madugu take ce masa. Yana da ƙane da ke tsare masa shagon alawayyo. Ana gab da juyawar iska, an fara loda jirage, zazzaɓi ya kama ƙanen, kafin a ce me, ya mutu. A lokacin kuwa an yi sabon hakimi, mai son a ce ya fi na da riƙon addini. Madugu ya aika a shaida masa kamar yadda aka saba. Hakimi ya ce an daina. Ya ce hayaƙin nan ba zai sake tashi a ƙasarsa ba, ko su tona rami ko su jefa wa kifi. Madugu ya je da kansa, ya tuɓe rawani a gabansa, ya tuna masa amanar. Hakimi ya ce, "Wanda ya ba ku ya mutu." Kuma don ya san garin sahara ne, itace daga nesa ake kawo shi, sai ya sa mai shela ya zaga kasuwa: duk wanda ya sayar wa Baniyan ko da tsinke, bulala da kurkuku.

Ga gawa kwance a ɗaki, ga zafin bakin teku wanda Iya ta ce namu na bazara wasa ne a kansa. Baniyan suka bi masu itace ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da suka yi shekaru suna ciniki da su, kowa ya sunkuyar da kai ya ce ya ƙare.

A bakin kasuwar akwai wata mace mai itace. Musulma ce, baƙa kamar mu, ba ta da miji, ba ta da kowa. Iya ta ce ba a riƙe sunanta ba, sai aikinta. Ita ma ta ji shelar. Ta naɗa gammo, ta ɗaura dami mafi girma, ta ɗora a ka. Ba ta jira duhu ba, ba ta bi bayan gari ba. Da rana tsaka ta ratsa tsakiyar kasuwa, ta wuce masu kifi, ta wuce ƙofar masallaci, ta kai itacen bakin ruwa ta sauke, ta dawo ta ɗauki wani.

Wani dillali ya tare ta ya ce, "Ke, kin haukace? Arne za ki taya ƙona arne?"

A nan Iya ta tsayar da mazari. Ta sauya murya, ta yi ta ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da kaya a ka. Ta ce matar ta ce, "Ranar da ɗana ya mutu ba ni da abin da zan rufe shi. Na zaga kasuwar nan, har da kai. Mutumin nan da ke kwance shi ya buɗe turmi ya yanka mini alawayyo, ya ce in je in sa ɗana yadda addinina ya ce. Bai tambaye ni me ya sa muke sa namu a rami ba. Matsa, wuyana ya gaji."

Ta yi ta kai da kawowa har itacen ya isa. Baniyan suka ɗauko nasu, suka yi masa abin da suke yi. Hayaƙi ya tashi, duk gari ya gani.

Ana cikin wannan sai muka ji gyaran murya. Ashe ubana, Malam Isiyaku, ya dawo daga masallaci yana tsaye a bakin zaure, ya ji komai. Ubana mutum ne mai kwarjini, ko manyan gari ba sa katse shi. Ya ce, "Iya, Allah ya ba ki haƙuri. Wannan labari bai kamaci yara ba. Za su tashi suna ganin ƙona mutum abin kirki ne."

Iya ba ta ko juya ba. Ta ce, "Isiyaku, ka ji na ce in na mutu ku ƙona ni?"

"Subhanallahi, Iya."

"To. In na mutu ku wanke ni, ku yi mini salla, ku sa ni a ƙasar Daura. Ni ban ce suna kan gaskiya ba. Cewa na yi an ba su amana. Kai da ba ka taɓa wuce Mashi ba, me ka sani game da baƙunta? Na zauna inda in na yi magana ake dariya, inda in na taɓa tulu ake wankewa. Na binne ubanka a ƙasar da ba wanda ya san sunan uwarsa. Wuce ka ci tuwonka, ya huce."

Audu ya fashe da dariya, uwarsa ta kai masa ranƙwashi. Ubana ya juya ya shige turakarsa. Ban taɓa ganin an mayar da shi haka ba, kuma ban sake gani ba.

Iya ta murza mazari ta ci gaba. Ta ce kafin wutar ta mutu dogarai sun zo sun kama matar. Aka yi mata bulala a bainar jama'a, aka jefa ta kurkuku. To Baniyan suna da wata al'ada in an zalunce su a ƙasar baƙunta. Ba sa zare takobi, don ba su da shi. Ba sa zagi. Sai kowa ya rufe shagonsa, a tara mabuɗai a cikin tasa, a kai ƙofar mai mulki a ajiye, a juyo ba a ce uffan ba. Ma'anarsa: ga kasuwarka nan, ka ci da kanka. Washegari haka gari ya waye. Babu shinkafa, babu yadi, babu mai sayen gahawar da manoma suka sauko da ita daga duwatsu a kan raƙuma. Madugu ya aika da magana ɗaya: ba za a buɗe ba sai an saki mai itace.

Hakimi ya yi dariya. Ya san iska ta juya, ya san ba za su iya jira ba. Su ma Baniyan ɗin wasu suka fara gunaguni. Suka ce, "An riga an ƙona namu, buƙata ta biya. Wannan ba 'yar'uwarmu ba ce, ko ruwan hannunta ba ma sha. A kanta za mu yi asarar shekara?" Wasu jiragen suka ɗaga suka tafi. Madugu ya sa aka kwance zannuwan jirginsa aka naɗe, inda kowa zai gani daga tudu. Ya shimfiɗa tabarma a ƙofar shagon ƙanensa ya zauna. Waɗanda suka rage suka zauna tare da shi.

Iska ta yi ta busawa, ta yi ta busawa, har ta gaji ta kwanta. Gari kuwa ya ƙuntata. Manoman gahawa suka fara juya raƙumansu zuwa wata tashar. Aka fara rufe mamata da tsofaffin zannuwa. Sai manyan gari, waɗanda suka yi shiru ranar bulala, suka tashi suka je wa hakimi. Aka buɗe kurkuku ba tare da shela ba, aka ce matar ta fita.

Na ce, "Iya, sai Madugu ya ba ta zinariya?"

Ta dube ni ta ce, "Kande, ke kullum sai an raba zinariya kike yarda labari ya ƙare. Bayanta bai sake miƙewa ba, ƙananan ƙirare take iya ɗauka har ta mutu. Mutanen gari da yawa ba su sake sayen itacenta ba. Shi kuma ya zauna shekara guda a ƙasar mutane, kayansa na lalacewa, ubansa na can bai san ɗaya ya mutu ba, bai san abin da ya riƙe ɗaya ba. Ba wanda ya ci riba. Amma filin nan na bakin ruwa, ba a sake hana su ba." Ta naɗe zarenta ta ce, "Nan ta tsaya, ta juya ta koma teku. A tattara ɓawon nan kafin awaki su shigo."

Ina yarinya Madugu nake so a labarin. Jiragensa nake mafarki, da rawanin da ke bi ta zobe. Sai da na haifi 'ya'ya, na binne wasu, na binne miji, sa'an nan na gane Iya ba labarin Madugu take ba mu ba. Shi baƙo ne, dole ya tsaya wa nasa. Wadda ke da zaɓi ita ce 'yar gari, wadda in ta yi shiru ba abin da zai same ta.

Sule ya dawo bayan la'asar, da dattijan unguwa biyu. Na sa aka yi musu shimfiɗa a tsakar gida, aka kawo ruwa. Babban cikinsu, Malam Ɗahiru, tare muka yi wasan ƙasa da shi. Ya yi doguwar addu'a, ya yabi ubana, sa'an nan ya ce, "Hajiya, ba ƙiyayya ba ce. Gyara ake yi, kowa ya gyara ƙofar gidansa."

Na ce, "Ɗahiru, ranar da aka ce an kawo shari'a na yi guɗa, da wannan tsohon bakin nawa. Ina sonta. Amma mutumin nan da ya zo neman shago, ni na ce masa zauna, ba abin da zai same ka a jikin gidana. Da bakina na faɗa. In ya yi laifi, ga alƙali can, ku kai shi, ni zan ba da shaida a kansa. In bai yi ba, ba zan tashe shi don ku ji daɗin wucewa ta ƙofata ba."

Sule ya ce, "Inna, kina so a nuna ni da baki a gari?"

"A nuna ka. Ka ce uwarka ce ta ƙi, tsohuwa ce, ba ta yi karatu ba, ba ta jin magana. Duk gaskiya ne."

Malam Ɗahiru ya ce, "Kande, taurin kan nan naki har yau?"

"Ya ƙaru, Ɗahiru. Haƙora ne kawai suka ragu."

Ba wanda ya yi dariya. Suka tashi ba su sha ruwan ba.

Magana ta riga ta kai kunnen Emeka. Da na fito zaure na tarar ya fara cusa kaya a kwali, matarsa na tsaye da goyo. Ya ce, "Mama, ba na so ki samu matsala da ɗanki saboda ni. Bari mu tafi." Na ce masa in kewar gida ke damunsa, Allah ya kiyaye hanya, zan yi masa guzuri. In kuwa tsoro ne, ya mayar da kayan nan inda ya ɗauko su. Na sa aka fito mini da kujerata 'yar tsugunno, na ajiye ta a bakin shagon, na zauna da carbina, inda duk mai tafiya masallaci sai ya gan ni. Haka na yi washegari, da jibi, da gata. Wasu suka gaishe ni, wasu suka kau da kai. Emeka ya yi ta kallon kwalayen, daga baya ya fara zazzage su.

Ban ci riba ba. Sule ya kwashe iyalinsa ya koma gidan da ya gina a bayan gari, ya yi damina guda bai tako ɗakina ba, sai aike. Ɗana ne na fari, kuma na ji abin a ƙirjina fiye da yadda na bari aka gani. Yanzu yana zuwa, muna gaisawa, amma akwai abin da bai dawo ba tsakaninmu, kuma ban sani ba ko zai dawo kafin in tafi. Matan da muke zumunci da su wasu sun daina aiko mini da goron biki. Na ji an ce tsufa ya taɓa mini kai.

Ban san ko na yi daidai a duk abin da na yi a duniya ba, Allah ne masani. Amma na san 'ya'yan Daura suna warwatse a garuruwan mutane, daga Legas har Sudan, kowanne yana zaune a jikin zauren wani, yana dogara da kalmar da aka ba shi. Shagon yana nan a buɗe. In masu son a rufe shi suna ganin don ina raye ne yake buɗe, to su ci gaba da jira. Na riga na tara jikokina na gaya musu: wanda ya gaji gidan nan, da amanar da ke jikin zaurensa ya gaje shi.